Baba Dogo, Mai Shagon da ke Bin Kayansa Har Gida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, takwas ga watan Mayu na shekarar 2025, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Abdulƙahhar Sabo, wanda Gumel da kewayenta suka fi sani da Baba Dogo mai kayan wuta. Ya rasu yana da shekara sittin da tara. Ina cikin ɗakin awon ciki a ƙaramin asibitin da nake aiki, a wani ƙauye da ke arewa da Sule Tankarkar, ɗan acaɓan da ke kawo mana kaya ya leƙo ta taga ya faɗa mini. Kafin in sallami matan da ke layi in samu abin hawa zuwa Gumel, an riga an kai shi makwancinsa.

Sunana Rahama Ishaƙ, aikina jinya da karɓar haihuwa. Ni ba 'yarsa ba ce, ba mu kuma haɗa dangi ba. Mai sayen kaya ce kawai a shagonsa, shekara goma sha ɗaya. Mako uku ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin duk lokacin da na zauna in rubuta kalamai masu taushi irin waɗanda suka dace da ta'aziyya, sai in ga takaici ne ke fitowa. Na gaji da jira ya wuce. Zan rubuta yadda abin yake a raina, Allah Ya yafe mini inda na zarce.

Baba, ranar da na fara shiga shagonka ma da takaici na fita. A shekarar 2014 ne, na ɗauki adashina, na zo sayen janareta. Tun daga bakin ƙofa na hango wani babba ja, na nuna shi na ce shi nake so. Ba ka ko dubi inda nake nunawa ba. Ka turo mini benci, ka sa aka ba ni ruwa, sannan ka fara tambaya kamar mai ɗaukar bayanin maras lafiya. Ɗaki nawa ne a gidan? Kwan fitila nawa? Akwai firji? Da dutsen guga na wuta nake guga ko na gawayi? Yara nawa, kuma ƙaramin ya fara rarrafe? Na amsa ina duban agogo. Da na gama sai ka ce, "'Yata, ba zan sayar miki da wancan ba. Albashinki a gidan mai zai riƙa ƙarewa." Ka jawo wani ƙarami daga lungu, wanda kuɗinsa bai kai rabin na babban ba, ka ce shi ne daidai da gidana.

Na ji haushi ƙwarai. Na zo da kuɗina, na san abin da nake so, wani dattijo ya hana ni. Na karɓi ƙaramin ne kawai don kunyar furfurarka. Kwana uku bayan haka, da hantsi, sai ga sallama a ƙofar gidanmu. Maigidana ya fita ya tarar da kai a kan babur, ka ce ka zo ganin inda aka ajiye injin. Mun ajiye shi a baranda, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin yara. Da ka gani sai fuskarka ta canza. Ka ce hayaƙinsa ba ya wari sosai amma yana kisa, kuma ka san gidan da ya kwashe mutum huɗu. Ba ka tafi ba sai da kai da maigidana kuka kai shi bayan gida, ka jera bulo huɗu ka ɗora shi, ka ƙara mana waya daga jakarka. Da aka tambaye ka kuɗin wayar ka ce tana cikin cinikin. Wannan janaretan yana nan yana aiki har yau.

Daga baya na gane ba ni kaɗai kake yi wa haka ba. Duk abin da ya fita daga shagonka mai ɗan nauyi, injin ban-ruwa ne, firiza ce, injin markaɗe ne, to a rana ta uku mai shi zai gan ka ko ya ji kiranka. Na taɓa tambayarka inda ka samo wannan ɗabi'a, sai ka ba ni labarin Damagaram. Ka ce kana da shekara ashirin ka ƙetara iyaka neman abin yi, ka samu aiki a kantin kayan gini da ƙarafa na wani Elhaji Dalhatu, ka yi shekara goma sha huɗu a wurinsa. Shi wannan Elhaji, in ya sayar da kwaɗon ƙofa sai ya aika a je a gani ko ya zauna daidai. In ya sayar da famfo sai an je an ga ruwa ya fito. A wurinsa, in ji ka, ba a cewa an gama ciniki don an miƙa kuɗi, sai kayan sun yi aiki a gidan mai su. Da wannan ka dawo Gumel, da kuma wasu kalmomi na can da ba su taɓa barin bakinka ba. Har ka koma ga Allah buji kake ce wa fulogin inji, masu gyaran babur suna yi maka dariya, kai kuma kana cewa sunan da ka fara sani ke nan.

Zama a shagonka yana buƙatar haƙuri, kuma ni ba ni da shi. Akwai ranar da na zo sayen fanka, ina sauri domin motar Sule Tankarkar ta kusa cika. Na tarar da wata tsohuwa, Adda ake ce mata, ta zo daga wajen Gagarawa da injin taliya na hannu a ƙulle cikin ɗankwali. Ƙarfen da ke riƙe da marikin ne ya karye. Da wannan injin take murza taliya tana ciyar da jikoki uku. Kana da sababbin injina a kan kantar shagon, ina ganinsu, da ka miƙa mata ɗaya da an wuce wurin. Amma ka zauna ka kwance nata, ka nemo wani ƙarfe da ya ɗan fi girma, ka sa magagari kana gogawa kana gwadawa, kana gogawa kana gwadawa, har kusan awa guda. Na yi gyaran murya sau biyu. Ka ɗago ka ce, "Malama Rahama, ta riga ki zuwa." Mota ta tafi ta bar ni. Adda ta kwance bakin zaninta za ta biya, ka ce ta bari, in ta murza ta farko ta aiko maka ka ɗanɗana. Ranar sai acaɓa na hau har wurin aiki, ina ta mita a hanya.

Wani abin da ban ga kowa yana yi ba sai kai shi ne rubutun da kake liƙa wa kaya. Yawancin manoman da ke sayen injin ban-ruwa a wurinka ba su karanta boko, takardar da ke zuwa cikin kwali kuwa ko mu da muka yi makaranta ba ma gane ta. Sai ka yanki kwali ka rubuta da ajami, da manyan baƙaƙe: ranar da za a canza baƙin mai, abin da za a duba in ya ƙi tashi, abin da ba za a taɓa ba sai an kira ka. Ka sa a leda ka ɗaure a jikin injin. Na sha ganin waɗannan ledoji suna lilo a jikin injina a gonakin rani, daga nesa na san daga wurin wa aka saya.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi ci mini rai, domin a nan ni ce mai laifi.

Ina da wa, Abdulfatah, yana aiki a wani ƙaramin gari a ƙasar Jamus. A ƙarshen shekarar 2023 ya ce yana so ya yi sadaka mai gudana don marigayiya mahaifiyarmu, zai sa wa asibitinmu sola: fitilu a ɗakin haihuwa, fanka biyu, da firji. Firjin shi ne babbar buƙata, domin akwai allurar da muke yi wa mace in jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, kuma in ta sha zafi ƙarfinta raguwa yake yi. Kafin nan a cikin kula muke ajiye ta, muna sayo ƙanƙara daga gari.

Wurinka na fara zuwa. Ka rufe shago da rana tsaka, ka bi ni har ƙauyen. Ka hau rufi da tsani a shekarunka, ka auna, ka duba inda rana ke faɗowa. Ka shiga ɗan ɗakin ajiyar da muka yi niyyar sa batura, ka tsaya ɗan lokaci, ka fito kana share gumi ka ce kwanon nan ba silin, in bazara ta zo zai dafa su. Ka zauna a kan bencin marasa lafiya ka rubuta komai a takarda: yawan faifan sola, irin batir, kaurin waya, girman inbata, wato akwatin da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Ba ka karɓi ko kuɗin mai ba.

Na ɗauki hoton takardar na tura wa Yaya Abdulfatah. Da ya kira ni, sai ya fara da ba ni labarin wani shagon kayan gyaran gida da ke unguwarsu a can. Ya ce wani tsoho ne ke da shi, ya san sunan kowa, ya san sunayen 'ya'yansa. Ya ce ranar da injin wankinsu ya lalace tsohon da kansa ya zo ya duba, ya ce ba sai an sayi sabo ba. Ya ce har aron na'urar huda bango yake ba shi ya dawo da ita in ya gama. "Rahama, mutanen nan sun san darajar mai saye. Mu a gida ba mu da irin wannan." A cikin wannan kiran dai, bai ko sauke numfashi ba, ya ce aikin sola ba na ɗan shagon Gumel ba ne. Ya ga wani kamfani a Kano a intanet, suna da ofis mai gilashi, da ma'aikata masu riga iri ɗaya, da lambar da ake kira dare da rana, kuma sun fi sauƙi.

Na san abin da ya kamata in ce. Ya kamata in ce, Yaya, tsohon da kake yabo a Jamus, ga irinsa nan a bakin tashar Gumel, kai ma ka sha wucewa ta gaban shagonsa. Ban faɗa ba. Na ce a raina kuɗinsa ne, kuma shi ne babba. Takardar da ka rubuta da hannunka ita muka tura wa kamfanin, suka ce za su kawo daidai da ita.

Suka zo su uku a mota mai tambari, suka gama cikin awa biyu, suka ɗauki hoto da mu, suka tafi. Baturan a ɗakin nan mai zafi suka jera su. Na ce an ce kada a sa a nan, babbansu ya ce, "Hajiya, aikinmu ne." Daga ranar na daina bi ta layin shagonka. In na sauka a tasha sai in zagaya ta bayan masu kayan miya, don kada mu haɗa ido.

Wata huɗu abin ya yi. A cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, muka ji ƙauri, inbata ta yi baƙi, firji ya ɗauke. Na kira lambar nan ta dare da rana. Kiɗa ya yi ta yi mini a kunne har katina ya ƙare. Da aka ɗauka, wata murya mai daɗi ta ce sun yi baƙin ciki da jin haka, in turo hoto. Na tura. Aka ce in turo rasit. Na tura. Aka ce injiniya zai zo ranar Litinin. Litinin uku suka wuce. A kira na ƙarshe aka ce mini garantinsu bai shafi lalacewar da zafi ya jawo ba. Na ce ai ku kuka sa su a cikin zafin. Aka ce za a isar da ƙorafina. Muka koma sayen ƙanƙara, a lokacin da ƙanƙarar ma kafin ta iso daga gari rabinta ya zama ruwa.

Ban kira ka ba, Baba. Kunya ta hana ni. A bakin ɗan acaɓa ka ji. Wata Asabar da safe ina wanke hannu sai na ji tsayuwar babur, na leƙa na gan ka kana kwance jakar kayan aiki, da wata babbar kula a ɗaure a baya. Na rasa inda zan sa fuskata. Na durƙusa na gaishe ka, na fara kame-kame. Ka ce, "Bar wannan. Ina allurar?" Ka kwashe ta ka sa a kular da ka ciko da ƙanƙara, ka bar mana wadda za ta ishe mu kwana biyu, sauran ka ce za ta zauna a firjin gidanka har a gama. Sannan ka shiga ɗakin baturan. Ba zan ce ba ka yi faɗa ba, ka yi. Ka jawo wayar da suka sa ka nuna mini ka ce, "Dubi nan. Igiyar shanya ta fi wannan kauri. Na rubuta musu, karantawa ce ba su yi ba ko ganin ƙauye ne?" Amma ko sau ɗaya ba ka tambaye ni dalilin da ya sa ban saya a wurinka ba. Da ka tambaya da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu kana zuwa kana komawa. Ka fitar da baturan zuwa ɗakin da ke da inuwar darbejiya, ka sa aka fasa bango aka yi tagar iska, ka canza waya gaba ɗaya, ka ɗauki inbatar ka kai wa wani mai gyara da ka yarda da shi ka tsaya a kansa. Kuɗin kayan da ka sa kawai ka karɓa, shi ma sai da ka nuna mini kowanne. Kwana tara bayan firjin ya dawo aiki, da misalin ƙarfe goma na safe, aka kawo wata mata, Safara'u, daga wata ruga. Ta haifi tagwaye, jini ya ɓalle. Na buɗe firji na ɗauko allura da sanyinta na yi mata, ina danna cikinta ina addu'a, har jinin ya tsaya. Rai na Allah ne, Shi ke rayawa. Amma na san abin da ke hannuna a ranar, na kuma san wanda ya yi sanadin ya kasance da ƙarfinsa. Safara'u ba ta san sunanka ba. Yaya Abdulfatah ya kira ka ya yi godiya, ka ce masa Allah Ya kai ladan kabarin mahaifiyarmu, ka ƙara da cewa a riƙa goge faifan sola duk Juma'a.

A rana ta biyu ta wannan aikin ne na ga ka zauna ka dafe ƙeya. Na ce ka kawo hannu in auna. Abin da na gani ya tayar mini da hankali, har na sake aunawa. Na ce, "Baba, jininka ya hau sosai. Wannan ba na wasa ba ne." Ka ce rana ce. Na rubuta maka takarda zuwa babban asibiti, ka je sau ɗaya, aka ba ka magani aka ce ka rage yawo a rana. Daga nan duk wata sai na biyo da abin awo. Wani lokaci ka miƙo hannu, wani lokaci ka ce in bari ka sallami mutane. In na tambayi magani ka ce kana sha. Na yi lallashi, na yi faɗa irin wanda 'ya za ta iya yi wa uba, har gida na je na haɗa ka da Hajiya Rayhana, matarka. Kai da ba ka yarda mutum ya ƙara kwana ɗaya a kan ranar canza baƙin mai, kai ne ka yi shekara kana cewa gobe.

Ranar da za ka rasu, da safe ka hau babur zuwa Gagarawa Tasha, a cikin wannan zafin na Mayu, don ka ga wani injin ban-ruwa da ka sayar wa wani mai lambu. Mutumin ya zo gaisuwa, da bakinsa ya ce injin lafiyarsa ƙalau, bai kira ka ba, kwana uku ne kawai suka cika. Ka dawo ka yi azahar, ka zauna a kujerarka ka ce kanka na sarawa. Kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Da na shiga wurin Hajiya, bayan mun yi kuka, ta jawo wata leda daga ƙarƙashin katifa ta miƙo mini. Maganin wata uku ne, ko ɓallewa ba a yi ba. Na san kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka, ko ka sha ko ba ka sha ba ba za ka wuce ranarka ba. Amma na riƙe ledar nan, kuma ba zan yi ƙarya in ce baƙin ciki ne kaɗai na ji ba. Na ji haushinka, Baba.

Mutane sun cika ƙofar gidanka kwana uku. Daga Maigatari, daga Gagarawa, daga ƙauyukan Sule Tankarkar, har daga ƙetaren iyaka. Kowa da labarinsa: wanda ka hana shi sayen abin da zai cuce shi, wanda ka gyara wa kyauta, wadda ka kai wa firiza har gida ka nuna mata yadda za ta jera kaya. Kowa na cewa an yi rashi, ba za a sake samun irinka ba.

Bayan sadakar bakwai iyali suka zauna kan maganar shago. Kana da 'ya, Sauda, uwar 'ya'ya huɗu, wadda shekara tara ita ke zama a shagon duk lokacin da ka fita bin kaya. Ta san kowane lungu, tana taɓa waya da yatsa ta faɗi kaurinta. Ta roƙi a bar mata ta ci gaba. Babban ɗanka, Abduljabbar, wanda ke aiki a Kaduna, ya ce a sayar da kayan a raba gado, a mayar wa mai gini da ɗakinsa. Da Sauda ta faɗa mini, na tafi na same shi a zaure, na ce ya duba lamarin, garin nan na buƙatar shagon.

Ya saurare ni har na gama, cikin ladabi. Sannan ya ce, "Malama Rahama, na ji. Amma mutanen da kika ga sun cika ƙofar nan, nawa ne suka sayi babban kaya a wurinsa a 'yan shekarun nan? Su zo su zauna ya ba su shawara, ya rubuta musu a takarda, su ɗauki takardar su tafi Kano ko su saya ta waya don an rage musu kaɗan. In ya lalace su kawo masa gyara. Da ƙusa da kwan fitila shagon yake tafiya. Ni nake aiko da abincin gidan nan shekara uku, bai taɓa bari kowa ya sani ba. Kina so in bar ƙanwata a cikin wannan?"

Bai san labarin takardata ba, ko kuwa ya sani ya rufa mini asiri. Na yi masa sallama na fito.

Ranar Talatar da ta wuce aka kwashe shagon. Wani ɗan kasuwa ya sayi manyan kayan a dunƙule, aka loda a mota. Na tsaya daga tsallaken titi ina kallo. A bangon ciki akwai gwangwanayen madara sun fi ɗari biyu a jere a kan katako, kowanne da irin abin da ke ciki: noti, ƙusa mai kai, ƙusa maras kai, wosha, ƙananan ƙarafan da ka ciro daga matattun injina ka wanke ka ware, shekara talatin da biyar kana tarawa, kowane gwangwani da sunansa a jiki. Ɗan kasuwar ya ce ba ya buƙatarsu. Aka kira masu sayen tsohon ƙarfe, suka buɗe buhu, suka riƙa juye su ɗaya bayan ɗaya a ciki, suka ɗora a sikeli. Minti goma bai cika ba. Sauda tana tsaye a bakin ƙofa da mayafinta, ba ta kawar da kai ba har aka ɗaure bakin buhun.

Ban rubuta wannan don in zargi iyalinka ba. Abduljabbar gaskiya ya faɗa, kuma ya yi abin da yake ganin shi ne rufin asirin gidan. Mu nake zargi, ni ce kuma ta farko. Mun ji daɗin ruwan sanyinka da bencinka da shawararka, muka kai cinikinmu wani wuri, muka dawo muna yabonka bayan ba ka ji.

Ya Allah, ga bawanKa Abdulƙahhar ɗan Sabo ya zo gare Ka. Mun shaida bai ha'inci mai saye ba, bai ɓoye aibin kaya ba, bai raina mai ƙaramin ciniki ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sanya duk tafiyar da ya yi a cikin rana don amfanin wani ta zama inuwa gare shi ranar tsayuwa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, tare da iyayensa da wanda ya koya masa sana'a.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rayhana, da Abduljabbar, da Sauda, da sauran 'ya'ya da jikoki, da 'yan'uwansa na Gumel da na Damagaram, da maƙwabtansa na layin tasha. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya haɗa kanku, Ya albarkaci abin da ya bari. Sauda, Allah Ya buɗa miki wata ƙofar, kada abin da kika koya a wurinsa ya tafi a banza; in kin buɗe ko da tebur ne a ƙofar gida, ki sanar da ni.

Mu kuma da muka rage, Allah Ya yafe mana haƙƙinsa da ke kanmu, wanda muka sani da wanda muka yi kamar ba mu sani ba. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Rahama Ishaƙ
Gumel, Jihar Jigawa